Yadda ake mastarin waƙar anime ta yi ƙara ba tare da an murƙushe ta ba

Wannan bayanin na wanda ya haɗa waƙa da salon anime ne, ko tasa ce ko an kawo masa aiki, ya gama miksin, wato haɗa kayan kiɗa da murya wuri ɗaya, yanzu saura mastarin, wato gyaran ƙarshe na sauti da ƙara kafin a fitar da waƙar. Waƙoƙin buɗe shiri da na rufewa, waɗanda a Japan ake ce wa anison, a cike suke maƙil. Gita biyu ko uku, biyolin, piyano, sint, ganga tana gudun BPM (bugu a minti ɗaya) 170 har 200, ga siririyar muryar mace can sama, duk lokaci ɗaya. Kuma in ka samu ta CD ka auna zaka ga da yawansu sun kai -8, wasu har -6 LUFS (ma'aunin ƙara ne, lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙara), toh anan ne sabon shiga yake ruɗewa ya ce shima lallai sai ya kai can, ya danna limita, wato abinda ke hana sauti wuce wani rufi, har waƙar ta mutu.

Ni dai a wajena daɗin anison yana cikin tsallen ƙarar da take yi in an faɗa amshi. In ka kashe tsallen nan saboda neman ƙara ka yi biyu babu, Spotify da YouTube zasu rage ƙarar da ka sha wahala a kanta, tsallen kuma ba zai dawo ba.

Kayan aiki

Manhajar haɗa waƙa, duk wadda ka iya. Reaper, Cubase, FL Studio, kowacce zata yi. In FL ne ka fara duba masta canel ko akwai Fruity Limiter da ya zo da tamfilet, ka cire shi, don mutane da yawa suna aiki yana matse musu sauti basu sani ba.

Mitar auna ƙara. Wannan dole ne, ba ita ba aiki. Youlean Loudness Meter tana da ta kyauta kuma ta isa. Ka haɗa da Voxengo SPAN don ganin inda sauti ya taru.

Ikwalaiza mai ƙara ko rage wani ɓangaren sauti, kwamfuresa mai danne inda ƙara ta yi yawa, kilifa mai aske kan tsinin sauti, da limita, su ake ce wa fulogin. Na kyauta masu kyau akwai TDR Nova, TDR Kotelnikov, FreeClip na Venn Audio da LoudMax. Mai hali ya sayi FabFilter Pro-L 2 ko Ozone, amma ba sune ke yin aikin ba.

Hedifon ɗin da kunnenka ya saba da shi, da wayarka, da ƙaramar sifikar bulutut. In janareta na ruri a bayan tagarka ko fanka na kaɗawa a kanka ka bari sai an samu shiru, ƙugin yana cinye maka bes da wuraren da waƙa ta yi laushi, sai ka yanke hukunci a kan abinda baka ji ba.

Sai waƙar gwadawa guda biyu ko uku, anison na gaske, WAV ko FLAC. Shagunan intanet na Japan irin su mora da OTOTOY suna sayarwa. Wadda aka sauko daga YouTube an riga an matse ta, samanta ba gaskiya bane, amma in ita kaɗai gareka yi amfani da ita wajen jin tsakiya da murya kawai.

Ɗan abinda ya kamata ka sani kafin ka fara

LUFS shine ma'aunin ƙara yanda kunne ke jinta. Mitar zata nuna maka kala uku, na nan take wato 400 ms, na daƙiƙa 3, da na waƙar gaba ɗaya. Na ƙarshen da shi manhajojin sauraro suke aiki, na daƙiƙa 3 kuma da shi zamu kwatanta baiti da amshi. dBTP kuma tsinin sauti ne na gaskiya, har da wanda ke fitowa tsakanin sampul da sampul in an mayar da fayil sauti. Tazarar da ke tsakanin tsini da matsakaicin ƙara ita ce numfashin waƙa, ita kwamfuresa da limita suke ci.

Ga lissafin da zai buɗe maka ido. Spotify tana daidaita waƙoƙi a -14 LUFS, YouTube ma wajen nan ne. Ka ce ka yi masta biyu, ɗaya -7 ɗaya -10, dukansu tsini a -1. Ta farko za a rage mata 7 dB, ta biyu 4 dB. Yanzu ƙararsu ɗaya a kunnen mai sauraro, amma bugun gangar ta farko ya tsaya a -8, na ta biyu yana kaiwa -5. Kaga wadda ka ɗauka ita ce mai ƙarfi ita ce ta koma ƙarama. CD kam babu mai rage masa komai, kuma har yau ana sayar da singul na CD sosai a Japan, yana cikin dalilan da suka sa nasu yake zuwa a matse haka.

Sai tsarin waƙar. Japanawa suna kasa ta A-melo wato baitin farko, B-melo wanda ke hawa da kai, sai sabi wato amshi. Kusa da ƙarshe sau da yawa akwai ochi-sabi, amshin da ake yi a hankali da piyano ko gita kaɗai kafin a fashe da na ƙarshe.

Mataki na 1: karɓi miks mai kyau

WAV 24 bit ko 32, a sampul ret ɗin da aka yi aikin, wato kHz ɗin fayil ɗin, ba limita a kan masta, tsini ya tsaya tsakanin -6 da -3. In an turo maka MP3 ko miks da zanensa ya riga ya zama shafaffe sama da ƙasa ka mayar a sake fitarwa. Ka nemi fayil uku tun yanzu: cikakkiya, wadda ba murya, da gajeriyar ta talabijin. A turo su a matsayin dokumen in ta WhatsApp ne.

Mataki na 2: daidaita waƙar gwadawa

Saka ta a layinta daban wanda baya bi ta cikin fulogin ɗinka, sannan ka rage ta har ƙararta ta zo ɗaya da miks ɗinka a mita. Yawanci zaka rage 8 dB ko fiye. Kar ka tsallake wannan don Allah, kunnen ɗan adam duk abinda ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi, ko da 1 dB ne, in baka daidaita ba duk hukuncin da zaka yanke daga nan zuwa ƙarshe a karkace yake.

Mataki na 3: auna kafin ka taɓa

Kunna miks daga farko zuwa ƙarshe hannunka na aljihu. Sa alama a A-melo, B-melo, sabi da ochi-sabi, ka rubuta lambar daƙiƙa 3 ta kowanne a takarda. Misali baiti -19, B-melo -17, sabi -14. Tazarar nan ta 5 tsakanin baiti da amshi ita ce dukiyarka. In ka gama mastarin zata ragu, dole ne, amma ka yi ƙoƙari 2 ko 3 su tsira. In ta koma 1 ko sifili ka wuce gona da iri.

Mataki na 4: ikwalaiza

Yanke abinda ke ƙasa da 25 zuwa 30 Hz, ba a cika jinsa ba amma yana cika wa limita ciki. In waƙar ta yi dumu-dumu duba 200 zuwa 400 Hz inda gita da piyano da ƙasan biyolin suke haɗuwa, rage rabin dB ko 1, da faɗi.

Inda rigimar anison take shine 2.5 zuwa 5 kHz. Muryar mawaƙiya, cizon gita, biyolin na sama, farantin ƙarfe na ganga, kowa anan yake so ya zauna. A miks zaka ji kamar ba matsala, sai ka tura shi cikin limita ya fara sukar kunne, musamman a hedifon ɗin waya. Kar ka yanke wurin gaba ɗaya don hasken salon anan yake, in ka cire shi waƙar ta tashi daga anison. Ɗauko TDR Nova ka sa ya riƙa rage 1 zuwa 2 dB a lokacin da wurin ya yi yawa kawai, wato a amshi in ta ja doguwar murya sama, a baiti kuma ya ƙyale. Haka zaka yi wa 6 zuwa 9 kHz in harafin s da sh suna tsartuwa.

Akwai riba ta biyu. Mitar LUFS tana ƙara wa sautin da ke sama da 2 kHz nauyi kusan 4 dB kafin ta auna, kenan waƙa mai tsananin haske tana karanta ƙara fiye da mai taushi, sai Spotify ta ƙara rage ta. In ka lallashi wurin nan ka samu sarari kyauta.

In gyaran da waƙar ke nema ya haura 2 ko 3 dB, matsalar miks ce, koma can.

Mataki na 5: kwamfuresa

Aikinsa anan ya haɗa kan kayan kiɗan ne, ba ya kawo ƙara ba. Je wurin amshi mafi ƙarfi, anan zaka saita shi. Reshiyo 1.5:1 ko 2:1, atak, wato jinkirin kamawarsa, 20 zuwa 30 ms don bugun kik (babbar gangar ƙafa) da sineya (ƙaramar ganga mai cewa tas) su wuce kafin ya kama, sannan ka sauko da tireshol, wato matakin ƙarar da yake fara aiki, a hankali har allura ta nuna ragin 1 zuwa 2 dB. A baiti ya kamata allurar ta yi kusan kwanciya. In kaga tana aiki tun daga baitin farko ka sauko da yawa.

Rilis, wato lokacin da yake ɗauka kafin ya saki sauti, shine inda gudun waƙar yake shigowa. Raba 60000 da BPM zai baka tsawon bugu ɗaya. A BPM 180 bugu ɗaya 333 ms ne, rabinsa 167, rubu'insa 83. Fara da 167 ka kalli allurar: ta nutsa in sineya ta buga, ta dawo gida kafin bugu na gaba. In bata dawowa, kwamfuresa ya danne waƙar dindindin kenan, rage rilis. In kuma kana jin faranti da biyolin suna shaƙa suna fesarwa tare da kik, ya yi sauri, ƙara shi. Saitin da ka saba da shi a waƙa mai BPM 100 ba zai yi anan ba, a waƙa mai gudu haka tazarar bugu ƙarama ce.

Ka hana shi jin bes, sa tacewar saidcen a 80 zuwa 100 Hz, a Kotelnikov akwai wurin da aka ware don haka. Masu FL zasu iya aikin kwamfuresa da Fruity Limiter a ɓangaren COMP. Maximus kuwa ina ba sabon shiga shawarar ya bar shi tukuna, yana raba sauti gida uku ya matse kowanne daban, cikin minti kaɗan zai rushe ma'aunin da mai miksin ya kwana yana yi. Kuma in miks ɗin ya zo a haɗe da kyau, tsallake matakin nan gaba ɗaya ba laifi bane.

Mataki na 6: kare tsallen amshi da hannu

Wannan ne mutane basa yi, kuma shi ya fi komai tasiri. Sa fulogin na rage ƙara kawai kafin kilifa da limita, ka zana masa otomeshin, wato layin da zai riƙa ɗaga shi yana sauke shi da kansa. Baiti da B-melo ka sauke su rabin dB zuwa 1 dB, a hankali yanda ba mai lura, sannan daidai kan bugun farko na sabi ka mayar sifili tsaye, ba gangare. Dalili shine limita zai danne amshi ya bar baiti, sai su zo kai ɗaya, kai kuma kana mayar da abinda zai ƙwace ne tun kafin ya ƙwace.

Ochi-sabi kuma ka bar shi da laushinsa. Zaka ji kamar ya yi ƙasa da yawa hannunka na ƙaiƙayin ɗaga shi, kar ka ɗaga, shirunsa ne yake sa amshin ƙarshe ya fashe. Haka ɗan shirun nan na bugu ɗaya da ake bari gab da amshi, saurara da kyau ko wutsiyar ribab, wato amsa-kuwwar sauti, ta kumbura ta cike shi, in ta cike toh rilis ɗin wani abu ne yake ɗago ta.

Mataki na 7: kilifa

Sineya da kik suna da tsini siriri mai tsawo, in ka bar wa limita su zai riƙa dannan waƙar duka saboda su. Kilifa aske kan tsinin yake yi kawai. 1 zuwa 2 dB ya isa, ka kunna ninkin sampul inda zaka ga 4x ko 8x. Gwada shi a wurin piyano da doguwar murya, in kaji ƙaiƙayi kamar ana yaga takarda a bayan sautin ka ja baya. Waƙar rufe shiri mai sanyi, piyano da biyolin, bata buƙatarsa sam.

Mataki na 8: limita

Rufin sama -1 dBTP, ka kunna gano tsinin gaskiya, a LoudMax maɓallin da aka rubuta ISP ne. Spotify ma ta ce in masta ya fi -14 ƙara gara a tsaya a -2, saboda in an matse fayil zuwa Ogg ko AAC tsini yana ƙaruwa, kuma mai ƙara sosai ya fi fashewa.

Yanzu tura ƙara a hankali a kan amshin ƙarshe, kana rage abinda ke fita zuwa kunnenka daidai da abinda ka ƙara, don kaji illar ba ƙarar ba. Akwai inda zaka kai sineya ta daina cewa tas ta koma faf, faranti ya zama shuuu mara yankewa, murya ta nutse duk sanda kik ya buga. Kamar jakar gana-mas-go ce, tana ta karɓar kaya har zuwa inda zif zai ɓalle. Da ka kai wurin ka dawo baya 1 dB ko 1.5, nan ne gidan waƙar. Ragin limita 2 zuwa 3 dB a amshi lafiya ne, in yana zaune a 5 ko 6 akwai gyara a baya.

Lamba nawa? Anison mai gudu da gita tana zama daram tsakanin -10 da -9, mai sanyi -12 ko -13. Ba sai ka sauka -14 cif ba, salon yana son ɗan cunkoso kuma limita na cikin ɗanɗanonsa. In mai waƙa ya dage sai irin ta CD, -8 ko -7, yi masa, amma ka raba nauyin tsakanin kwamfuresa da kilifa da limita biyu kowanne ya ɗauki kaɗan, sannan ka bashi duka biyun a ƙara ɗaya ya zaɓa da kunnensa. Ka kuma dawo kan takardar mataki na 3 ka duba tazarar baiti da amshi nawa ta rage.

Wanda bashi da mita ko kwamfutarsa bata ɗaukar fulogin da yawa, ffmpeg zai auna masa kyauta:

ffmpeg -i waka.wav -af ebur128=peak=true -f null -

A ƙarshen rubutun zai nuna ƙarar gaba ɗaya da tsinin.

Mataki na 9: gwaji a waje

Huta tukuna, kunne yana gajiya da sama-saman nan da wuri, bayan awa ɗaya komai zai yi maka daidai. In ka dawo ka ji ta a waya, a sifikar bulutut, a mono, sannan da ƙara ƙasa-ƙasa, a nan ne ake gane ko murya ta ɓace. Mayar da ita MP3 ko AAC ka sake aunawa ka ga ko tsini ya haura sifili. In ka ɗora a YouTube danna dama a kan bidiyon ka buɗe Stats for nerds, zai nuna maka dB nawa suka rage.

Mataki na 10: fitarwa, kowa da nasa

Ta manhajojin sauraro WAV 24 bit. Ta CD 44.1 kHz 16 bit, ka canza sampul ret kafin limita in zai yiwu, dita kuma, wato ɗan ƙugin da ake sawa in za a sauko zuwa 16 bit, ita ce ƙarshe, sau ɗaya tak. Ta bidiyo 48 kHz 24 bit.

Wadda ba murya, da ake sakawa a singul don masu karaoke da masu rera tasu, ka bi da ita ta saiti ɗaya ba canji. Zata karanta ƙasa kaɗan a mita, haka ya dace, kar ka ƙara mata don ta kamo, in ka ƙara kiɗan zai bambanta da na asali.

Gajeriyar ta talabijin a al'ada daƙiƙa 89 ce, gurbin daƙiƙa 90 ne ana barin rabin daƙiƙa shiru a farko da ƙarshe. A yanke ta daga miks ba daga masta ba, don mahaɗar ta bi ta cikin kwamfuresa ta like. Kuma ita kam kar ka matse ta. Tun Oktoba 2012 gidajen talabijin masu zaman kansu a Japan suke bin ƙa'idar -24 LKFS, da sassaucin 1 sama ko ƙasa, LKFS da LUFS abu ɗaya ne, kuma shirin duka ake aunawa har da maganar 'yan wasa. Mai haɗa sautin shirin zai sauke waƙarka ƙasa sosai ta zauna da sauran, toh in ka bashi mai -7 zata fito siririya ba bugu. Bashi wadda limita ya ɗan shafa kawai ko wadda ba limita, ka rubuta a sunan fayil ɗin.

Kiɗan bayan fage na cikin shiri shima kusan haka ne, a kundi ka daidaita su da kunne, na yaƙi ya fi na baƙin ciki ƙara, kar ka jera su a lamba ɗaya.

Masu yanka bidiyon anime su ɗora waƙar da an riga an yi mata mastarin, ku naku sauƙi ne: kar ku ƙara mata limita ko kwamfuresa, rage ta kawai zaku yi 3 zuwa 6 dB don maganganu da ƙarar takubba su samu wuri, limita ɗaya a ƙarshen komai yana gadin -1. Manhajojin da ke cewa suna gyara waƙar da aka aske wa tsini suna zana sabon tsini ne da hasashe, mita zata nuna tazara ta ƙaru amma tsallen amshin da aka danne a situdiyo baya cikin fayil ɗin, in kana son sa sai ka nemo wani bugun na waƙar ka auna ka gani ko shi ba a matse shi haka ba.